Lokacin da shirin talabijin ya wuce littafin da ya haife shi: nazarin lamarin Game of Thrones

A ranar 2 ga watan Janairu, 2016, marubucin nan ɗan ƙasar Amurka, George R. R. Martin, ya fitar da wata doguwar sanarwa wadda masu karanta littattafansa suka daɗe suna fargabar ganinta. Ya ce littafi na shida a jerin labarinsa na almara, wanda ya sa wa suna The Winds of Winter, bai kammalu ba, kuma ba zai fito ba kafin tashar HBO ta fara nuna zango na shida na shirin Game of Thrones a watan Afrilun wannan shekarar. Ya bayyana cewa shi da mawallafansa sun tsayar da ƙarshen watan Oktoban 2015 a matsayin ranar miƙa rubutun, da hakan bai yiwu ba aka ƙara masa wa'adi zuwa ƙarshen shekara, shi ma wannan wa'adin ya zo ya wuce. Abin da sanarwar take nufi a fili yake: shirin da aka gina a kan littattafan zai ci gaba da ba da labarin da mai shi bai rubuta ba tukuna.

Mutane da yawa, idan suka tuna yadda shirin ya ƙare a 2019, sukan ce mashiryansa sun rasa inda za su nufa ne bayan littattafan sun ƙare musu. A ganina wannan bayanin bai kama bakin zaren ba. Mashiryan sun san inda labarin zai ƙare, domin marubucin da kansa ya faɗa musu. Abin da ba su samu ba shi ne hanyar zuwa wurin, kuma hanyar ita ce abin da Martin ba shi da ikon miƙa wa kowa, domin shi ma ba ya saninta sai ya zauna ya rubuta ta.

Yadda tazarar ta fara tun kafin a kunna kyamara

Martin ya soma wannan labari ne a 1991, bayan ya yi shekaru yana rubuta wa talabijin a Hollywood, inda ya yi aiki a shirye-shirye irin su The Twilight Zone da Beauty and the Beast. Ya sha faɗin cewa a wancan lokacin akan dawo masa da rubutunsa a ce ya yi tsawo ko ya yi tsada, a sa shi ya rage mutane, ya mayar da babban yaƙi ya koma faɗan mutum biyu. Saboda haka da ya koma rubutun littafi sai ya saki hannu, ya cika labarin da gidajen sarauta da birane da yaƙe-yaƙe da ɗaruruwan mutane, da niyyar rubuta abin da babu kasafin kuɗin da zai taƙaita shi. Wannan asali yana da muhimmanci, domin labarin da aka ƙirƙira don ya kuɓuta daga dokokin talabijin shi ne daga baya aka mayar da shi ƙarƙashin waɗannan dokoki.

Da farko littattafai uku ya yi niyyar rubutawa. Na farko, A Game of Thrones, ya fito a 1996, na biyu a 1998, na uku a 2000. Daga nan tafiyar ta yi nauyi. Na huɗu, A Feast for Crows, sai a 2005 ya fito, na biyar kuma, A Dance with Dragons, sai ranar 12 ga Yulin 2011. Wato shekara biyu tsakanin littafi da littafi ta koma biyar, biyar ta koma kusan shida, jerin da aka tsara a kan uku kuma ya zama bakwai.

Dalilan wannan jinkiri ba ɓoyayyu ba ne. Bayan littafi na uku Martin ya so ya tsallake shekara biyar a cikin labarin domin yaran da ke ciki su girma, ya yi rubutu mai yawa a kan wannan tsari, sannan ya ga bai yi ba, ya watsar da shi. Abin da ya rubuta a madadinsa ya yi girman da ba zai shiga bango ɗaya ba, sai aka raba shi gida biyu bisa wuraren da mutanen suke, ba bisa lokaci ba, shi ya sa littafi na huɗu da na biyar suke tafiya kafaɗa da kafaɗa a yawancin shafukansu. Ga kuma matsalar da shi da kansa ya kira ƙullin Meereen, wato yadda zai tsara isowar mutane daban-daban birnin da Daenerys Targaryen take mulki, wa zai riga wa, kuma ta idon wa za a ga abin da ya faru. Littafin farko ta idon mutum takwas ake bin labarinsa. A na biyar sun kai goma sha shida, ban da masu buɗewa da rufewa. Kowane sabon ido yana zuwa da garinsa da danginsa da rikicinsa, kuma kowannensu bashi ne da sai an biya kafin labari ya rufe.

A cikin wannan hali David Benioff da D. B. Weiss, waɗanda suka zama mashiryan shirin, suka gana da Martin a 2006 a birnin Los Angeles, suka yi zaman da ya ɗauki kusan awa biyar. A ƙarshen zaman ya yi musu tambayar gwaji, ya ce su faɗa masa wace ce mahaifiyar Jon Snow, ɗaya daga cikin manyan mutanen labarin, suka ba shi amsar da ta gamsar da shi. HBO ta sayi haƙƙin mayar da littattafan shiri a farkon 2007, an ɗauki kashin gwaji a 2009 wanda bai yi kyau ba har sai da aka sake ɗaukar mafi yawansa, sannan shirin ya fara fitowa a ranar 17 ga Afrilun 2011. A ranar akwai littattafai huɗu a kasuwa, na biyar yana dab da fitowa, saura biyu ba a rubuta ba.

Lissafin da aka yi a lokacin bai zama na ganganci ba idan aka dube shi da idon wancan zamani. Littattafai biyar masu kauri irin waɗannan za su iya ciyar da shiri shekaru masu yawa, kuma Martin ya yi tsammanin na huɗu da na biyar kaɗai za su ci zango biyu ko uku, abin da zai ba shi sarari ya gama na shida. An kuma taɓa ganin irin wannan caca ta yi nasara, domin an fara fitar da finafinan Harry Potter a 2001 lokacin da littattafai huɗu kawai suka fito cikin bakwai, marubuciyar ta kammala na ƙarshe a 2007, fim na ƙarshe ya biyo baya a 2011. Sai dai tarihin saurin Martin ya riga ya nuna wani abu dabam, kuma duk wanda ya ɗora alƙaluman 2000 da 2005 da 2011 kusa da jadawalin shirin da ke fitowa duk shekara zai ga inda layukan biyu za su haɗu.

Agogon talabijin

Littafi yana iya jira a kan tebur, amma shirin talabijin ba ya iyawa, kuma dalilan na zahiri ne. Akwai kwantiragin jarumai da ke ƙarewa, kuɗinsu yana hawa duk lokacin da aka sabunta. Akwai ɗaruruwan ma'aikata a Belfast da sauran wuraren ɗauka a Kuroshiya da Sifaniya da Iceland, waɗanda ba za a ce su zauna shekara uku ba aiki ba. Sama da duka akwai yara. A littafin farko Bran Stark ɗan shekara bakwai ne, Arya tara, Sansa goma sha ɗaya, kuma a kan takarda za su iya zama kusa da waɗannan shekaru muddin marubuci ya so. Amma Isaac Hempstead Wright da aka haifa a 1999, da Maisie Williams ta 1997, da Sophie Turner ta 1996, girma suke yi a gaban idon masu kallo, murya tana buɗewa, tsayi yana ƙaruwa tsakanin zango da zango.

Zango na ɗaya ya cinye littafi na ɗaya, na biyu ya cinye na biyu, na uku da na huɗu suka raba littafi na uku tare da ɗebo wasu abubuwa daga gaba. A waɗannan shekaru huɗu Martin yana rubuta kashi ɗaya a kowane zango da hannunsa, ciki har da kashin yaƙin Blackwater a zango na biyu. Bayan na huɗu ya daina, domin ya mayar da hankali kan littafi na shida. Sai zango na biyar ya zo a 2015 ya haɗiye mafi yawan littafi na huɗu da na biyar a cikin kashi goma kacal, sararin da marubucin ya dogara da shi ya tafi a shekara guda.

Alamun cim ma littafin sun bayyana tun kafin a sanar. Ba a ga Bran ko sau ɗaya ba a zango na biyar, saboda labarinsa ya riga ya kai kusan inda littattafan suka ajiye shi. A zangon ne Tyrion Lannister ya zauna gaba da gaba da Daenerys, haɗuwar da har yanzu ba ta faru a littafi ba. A nan ne kuma Stannis Baratheon ya yarda aka ƙona 'yarsa Shireen, alhali a littattafan yarinyar tana raye. Zangon ya rufe a watan Yunin 2015 da Jon Snow kwance cikin jini a kan ƙanƙara, daidai inda littafi na biyar ya bar shi shekara huɗu kafin nan. Daga wannan dare mai karatu da mai kallo suka zama ɗaya. A da masu karatu ne suke riƙe da sirri, suna zuba ido su ga yadda 'yan'uwansu za su yi idan aka zo kisan gillar da aka yi wa Robb Stark da mahaifiyarsa a wurin biki, wanda aka nuna a watan Yunin 2013. Yanzu su ne suka koma masu toshe kunne kada shiri ya faɗa musu ƙarshen littafin da suka yi shekaru suna jira.

Abin da aka miƙa a Santa Fe

Mashiryan ba su jira ruwa ya cinye su ba. A 2013 sun je gidan Martin a Santa Fe da ke jihar New Mexico, suka zauna da shi suna bin mutanen labarin ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa musu abin da ya sani game da makomar kowa. Daga baya an tabbatar da manyan abubuwa uku da suka fito daga bakinsa: ƙona Shireen, da asalin sunan Hodor, da wanda zai hau mulki a ƙarshe.

Labarin Hodor ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi nuna abin da irin wannan miƙa sirri yake iya yi. Hodor ƙaton baran gida ne da ba ya iya furta komai sai kalma ɗaya, ita ce kuma ta zama sunansa. A kashi na biyar na zango na shida, wanda aka nuna ranar 22 ga Mayun 2016, matattu masu tafiya sun kutsa kogon da Bran yake ɓoye, hankalin Bran kuma yana can cikin wahayin zamanin da ya wuce, yana kallon Hodor yana yaro lafiyayye a farfajiyar Winterfell, fadar gidan Stark. Meera Reed tana jan Bran cikin ƙanƙara tana yi wa Hodor ihu ya riƙe ƙofar, shi kuma ya jingina bayansa da ita, hannayen matattu suna fasa katakon suna yagar fuskarsa. Ihun ya ratsa ta cikin Bran ya isa kunnen yaron da ke can baya, yaron ya faɗi yana shure-shure, yana maimaita umarnin, kalmomin suna narkewa a bakinsa har suka dunƙule suka zama sunan da zai rayu da shi. Wannan fage ya girgiza masu kallo, kuma ya yi aiki ne saboda abu ne dunƙulalle, sanadinsa da sakamakonsa suna cikin minti kaɗan. Ana iya faɗa wa mutum shi a zama ɗaya ya tafi ya gina shi. Duk da haka Martin ya ce nasa zai bambanta, domin a tunaninsa Hodor zai tare hanya ne da takobi a hannu yana faɗa.

Sauran biyun ba irin wannan ba ne. A ce uba zai ƙona 'yarsa, ko a ce Bran, yaron da ya gurgunce, shi ne zai zama sarki, faɗin inda tafiya ta tsaya ne kawai. Ko mai kallo zai yarda ko ba zai yarda ba, ya dogara ne da matakai ɗari da suka gabata. Martin ya sha kwatanta kansa da mai lambu, ya ce akwai marubutan da suke kamar masu zanen gini, sun san kowane ɗaki kafin a sa tubali, shi kuwa iri yake shukawa ya ba shi ruwa ya ga abin da zai tsiro. Marubuci irin wannan zai iya gaya maka irin bishiyar da ya shuka, amma ba zai iya zana maka rassanta ba, domin ba su fito ba tukuna.

Yankan da aka yi cikin duhu

Akwai wata illa da ba a cika lura da ita ba, kuma a wurina ita ce mafi tsanani. Duk mai mayar da littafi fim dole ya yi yanka, wannan ba laifi ba ne. Amma wanda yake aiki da kammalallen littafi ya san wace igiya ce take ɗauke da nauyi, wacce ce ado. Wanda yake aiki da labarin da bai ƙare ba yana yanka ne bisa zato.

Shirin ya cire Catelyn Stark da aka tayar daga mutuwa tana farautar waɗanda suka ci amanar ɗanta Robb. Ya cire Arianne Martell da ƙaninta Quentyn, ya bar yankin Dorne da labari mara ƙashi. Ya cire Victarion Greyjoy. Ya ɗauki wahalar da wata yarinya mai suna Jeyne Poole ta sha a hannun Ramsay Bolton ya ɗora wa Sansa, wadda a littafi tana can wani yanki dabam. Ya kashe Barristan Selmy da Mance Rayder da Stannis, dukansu kuma suna raye a shafi na ƙarshe da aka wallafa. Mafi girma, ya cire saurayin nan da ake cewa shi ne Aegon, ɗan Rhaegar Targaryen yayan Daenerys, wanda a ƙarshen littafi na biyar ya riga Daenerys sauka a Westeros, nahiyar da ake rikicin sarautarta, tare da rundunar sojojin haya.

Masu karatu da yawa suna hasashen cewa wannan saurayi zai kama babban birni kafin Daenerys ta iso, jama'a su karɓe shi, ta zo ta tarar wani mai sunan gidansu ya zauna a kujerar da ta sadaukar da komai dominta. Hasashe ne, babu littafin da ya tabbatar da shi. Amma ko da a matsayin hasashe yana nuna girman ramin da cire mutum ɗaya yake iya barin, domin a shirin an rarraba aikinsa tsakanin Jon Snow da Cersei Lannister, ita kuwa rundunar hayar an kawo ta a zango na ƙarshe an shafe ta cikin 'yan mintuna ba tare da ta yi wani tasiri ba. Martin da kansa ya sha gargaɗin cewa ƙaramin sauyi a farko yana hayayyafa, ya zama babban rabuwa a ƙarshe.

Abin da ya sauya a kan allo

Hanya mafi sauƙi ta ganin bambancin ita ce a dubi yadda shirin yake ɗaukar nisa da lokaci. A zango na ɗaya Catelyn tana kan hanyar komawa arewa, ta tsaya a wani masauki, sai ga Tyrion ya shigo, ta sa aka kama shi bisa zargin yunƙurin kashe ɗanta Bran. Wannan kamu shi ya sa Jaime Lannister, yayan Tyrion, ya far wa mijinta a titin birni, shi ya sa mahaifinsu ya tura mahaya su ƙona ƙauyukan ƙasar iyayenta, daga nan yaƙi ya kama. Haka kuma mutuwar Robb ba daga sama ta faɗo ba. Ya karya alkawarin aure da ya yi wa gidan Frey, ya fille kan ɗaya daga cikin manyan hakimansa har mutanen hakimin suka watse suka bar shi, ƙarancin mayaƙa ya tilasta masa komawa neman alfarma wurin mutumin da ya wulaƙanta. Mai kallo ya firgita, amma da ya waiwaya sai ya ga kowane mataki a wurinsa.

A kashi na shida na zango na bakwai kuwa, Jon da abokansa sun maƙale a kan wani dutse a tsakiyar daskararren tafki, matattu sun kewaye su. Ɗayansu ya ruga da ƙafa ya koma Katanga, wato babbar ganuwar ƙanƙara da ke iyakar arewa, aka saki hankaka da wasiƙa zuwa tsibirin Dragonstone da ke can kudu, Daenerys ta karanta ta hau dodonta ta iso, duk kafin sanyi ya kashe mutanen da ke kan dutsen. Tafiyar da a da take cin rabin zango ta koma abin da ake yi tsakanin fage da fage, har daraktan kashin, Alan Taylor, ya amince cewa lissafin lokacin bai zauna daidai ba. Wannan ba ƙorafin masu bin diddigin taswira ba ne kawai. A labarin da aka gina a kan cewa saƙo yana iya makara, taimako yana iya ƙin zuwa, kuskure kuma ana biyan kuɗinsa, ranar da nisa ya daina aiki ranar tsoro ya fita daga zuciyar mai kallo.

Ya kamata a yi wa mashiryan adalci. Tun a zangon farko sun rubuta fagagen da babu su a littafi kuma suka yi kyau, kamar hirar sarki Robert da matarsa Cersei a kan auren da ya riƙe daula alhali shi kansa ya mutu. Zango na shida, wanda shi ne na farko da suka yi ba littafi a gabansu, yana ɗauke da kashi biyu na ƙarshe da ake lissafawa cikin mafi ƙarfi a shirin gaba ɗaya. Sun nuna suna iya biyan bashin da littattafan suka ɗauko, kamar dawowar Jon daga mutuwa da bayyana cewa Lyanna Stark ce mahaifiyarsa. Inda suka gaza shi ne ɗauko sabon bashi da saƙa sababbin dalilai, aikin da ya gagari shi kansa mai labarin shekara da shekaru, su kuma aka ce su yi shi cikin watanni, suna kuma kula da ɗaukar shiri a ƙasashe da dama.

Sai dai akwai shawara guda da ba za a ɗora wa rashin littafi ba, ita ce ta taƙaita ƙarshen. Zango shida na farko kowanne kashi goma ne, na bakwai ya zo da bakwai a 2017, na takwas da shida a 2019, jimilla 73. HBO ta nuna a fili cewa tana son ƙari, Martin kuma ya ce akwai labarin da zai kai zango goma sha ɗaya ko sha biyu ko sha uku. Benioff da Weiss ne suka tsaya a kan adadin da suka daɗe da yankewa. Ba kuɗi ne ya hana ba, domin an kashe kimanin dala miliyan 15 a kowane kashi na zangon ƙarshe, an kuma yi dare 55 ana ɗaukar yaƙin Winterfell. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lokacin zama da mutanen labarin. Barazanar matattu da aka fara ginawa tun fagen farko na shirin an kawar da ita a kashi na uku na zangon ƙarshe, a kashi na biyar Daenerys ta ƙona birnin da ya riga ya miƙa wuya, a na shida Jon ya kashe ta, aka naɗa Bran. Mai yiwuwa wasu daga cikin waɗannan suna cikin abin da marubucin yake nufi, amma juyewar mace daga mai 'yanta bayi zuwa mai ƙona yara abu ne da littafi zai bi ta cikin zuciyarta babi bayan babi, shirin kuwa ya nemi a karɓe shi cikin makonni biyu. A nan sauri ya haifi nawa.

Sakamakon ya zo da fuska biyu. Kashin ƙarshe, na ranar 19 ga Mayun 2019, ya tara masu kallo miliyan 19.3 a daren farko a kafofin HBO, adadin da tashar ba ta taɓa samu ba, kuma zangon ya ci kyautar Emmy ta gwarzon shirin wasan kwaikwayo, shirin gaba ɗaya ya tashi da kyaututtukan Emmy 59. A lokaci guda fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a sake ɗaukar zangon.

Da akwai wata mafita?

An taɓa shiga irin wannan tsaka mai wuya a wasu wurare. A Japan, shirin zane na Fullmetal Alchemist da aka fara a 2003 ya cim ma littafin zanen da yake bi, sai ya rabu da shi a fili ya ƙirƙiri nasa ƙarshen, daga baya a 2009 aka sake yin wani sabo wanda ya bi littafin har ƙarshe. Wannan hanya tana da sauƙi ga zane, domin zane ba ya tsufa. Marubutan The Expanse kuwa, jerin littattafan da su ma aka mayar shirin talabijin, waɗanda ɗayansu, Ty Franck, ya taɓa zama mataimakin Martin, sun ci gaba da fitar da littattafansu a kai a kai suna kuma cikin masu rubuta shirin, har na tara kuma na ƙarshe ya fito a Nuwamban 2021 kafin shirin ya rufe a Janairun 2022.

Game of Thrones bai bi ko ɗaya ba. Bai iya jira ba, bai kuma yanke igiya ya zama labari mai cin gashin kansa ba. Ya watsar da rassan littafin amma ya riƙe ƙarshensa, ya zama dole ya kai mutanen da suka riga suka canza zuwa makomar da aka yanka wa wasu. Da mashiryan sun zauna bayan zango na biyar sun tambayi kansu inda tasu Daenerys da nasu Bran suka dosa, bisa abin da su suka nuna a allo, ina ganin da ƙarshen ya fi zama da gindinsa, ko da ya saɓa wa abin da aka faɗa a Santa Fe.

Abin da ya sami littafin

Ɓarnar ba ta tsaya a gefe ɗaya ba. Shirin ya mayar da Martin ɗaya daga cikin sanannun marubutan duniya, ya jawo masa miliyoyin sababbin masu karatu, ya kuma jawo masa tafiye-tafiye da tarurruka da sababbin ayyuka da suka ci lokacinsa. A 2014 ya fitar da The World of Ice & Fire tare da wasu marubuta biyu, a Nuwamban 2018 ya fitar da Fire & Blood, tarihin gidan Targaryen, wanda a kansa aka gina shirin House of the Dragon da ya fara a watan Agustan 2022. Kwana ɗaya bayan kashin ƙarshe na Game of Thrones ya amsa tambayar ko littattafan za su ƙare kamar shirin, ya ce e kuma a'a, ya tuna wa mutane cewa mashiryan awa shida suka samu, shi kuwa yana sa ran littattafai biyun da suka rage za su kai shafi 3,000 na rubutun da zai miƙa wa mawallafa. A ƙarshen 2022 ya ce ya rubuta tsakanin shafi 1,100 da 1,200 na littafi na shida, saura 400 zuwa 500.

Ina jin nauyin halin da yake ciki, kuma ba na cikin masu ganin ya ci amanar kowa. Marubucin da yake gano labarinsa ta hanyar rubuta shi yanzu yana rubutu ne bayan duniya ta ga wata siffar ƙarshensa, ta kuma yanke mata hukunci. Idan ya bi ta za a ce an riga an gani, idan ya kauce za a ce tsoron suka ne ya sa. Shi kuwa an haife shi a 1948, kuma ya sha bayyana cewa ba ya son wani ya ci gaba da rubuta duniyarsa, saɓanin abin da ya faru da Robert Jordan, wanda ya rasu a 2007 ya bar bayanai, Brandon Sanderson ya kammala masa The Wheel of Time a littattafai uku tsakanin 2009 da 2013.

Har zuwa lokacin wannan rubutu The Winds of Winter bai fito ba, bayansa kuma akwai na bakwai, A Dream of Spring. A shafukan da aka wallafa Shireen tana raye a Katanga, mahaifinta yana cikin ƙanƙara a kan hanyar Winterfell da mayaƙansa masu yunwa, Tyrion yana wajen ganuwar Meereen bai taɓa magana da Daenerys ba, ita kuma tana cikin ciyawar Dothraki tare da dodonta, mahaya sun same ta. Jon Snow yana nan inda wuƙaƙen 'yan'uwansa suka kayar da shi tun watan Yulin 2011.